Kifin Jifan Farko

Tun da abin nan ya faru, babu shagon da zan shiga a garinmu ba a yi mini murmushin ƙeta ba. Mai aski ya ba da labarin da nasa gishirin, mai sayar da fetur a bakin tafki ya ƙara yaji, har fasto ya ɗan taɓa shi a wa'azin girman kai. Bai ambaci suna ba, amma duk coci suka waiwayo suna kallona. To, tunda kowa ya ci kasuwarsa a kaina, bari mai kayan ma ya buɗe baki.

Ni ne Orval Tidmore, mai gyaran injin yankan ciyawa. Ko maƙiyina ya san babu wanda ya fi ni sanin halin kifin babban-baki a duk arewacin Alabama. Sani fa na ce. Kamu wani abu ne daban, wannan rabo ne.

Ina da jirgin ruwa, ko in ce na taɓa yin jirgi, mai suna Walƙiya. Koriya ce shar, fentinta na ƙyalli kamar an barbaɗa mata taurari, injinta ƙarfin doki ɗari biyu. In na hau ta na sa rigata ta gasa, wadda ke da tambarin shagona har guda shida, gaba da baya da kafaɗa, mutane kan tsaya su duba. Abin da ya rage mini kawai shi ne kifi. Shekara huɗu a jere ina zuwa na ƙarshe a gasar watan Mayu ta ƙungiyarmu ta masu fatsa. Shekarar farko iska ce. Ta biyu wata ne ya cika. Ta uku da ta huɗu, Hoyt ne.

Hoyt Gandy ƙanin matata ne, kuma shi ke cinye gasar kusan kowace shekara, ba don ya iya ba, sai don wasu mutane ko a bokiti suka jefa ƙugiya sai sun fito da wani abu.

Ranar da aka ƙulla mini tarkon, muna bayan gidana ne ana cin soyayyen kifi da burodin masara, maƙwabta sun kai goma sha biyar. Ina cikin bayyana musu yadda babban-baki ke tunani, sai matata Verlene ta ajiye cokali.

Ta ce, "Orval, kifin da kake ci ɗin nan, wa ya kama shi?"

Na ce, "Uwargida, ba a nan maganar take ba."

"Hoyt ya kama. Shekara huɗu jirgin nan ya cinye mini wurin ajiye mota, kana goge shi fiye da yadda kake goge haƙoranka, ko ƙaya bai taɓa kawowa ba. Jikokinmu ba su da inda za su zauna a cikinsa. Kifi ɗaya nake so, Orval. Ɗaya tak. Ranar gasa ka ɗora kifi ɗaya mai rai a kan sikeli, wanda ya cika inci goma sha huɗu kamar yadda dokarku ta ce, kafin ƙarfe uku. In ka kasa, ka ba Hoyt Walƙiya, ya ba mu jirgin falonsa."

Jirgin falo! Dandamali ne a kan ganguna biyu, da kujerun kwanciya, da rumfa ruwan ɗorawa mai geza. Shi tsofaffi ke hawa su yi barci, mata su yi hira, yara su zubar da lemo. A wurinmu masu fatsa, gara a gan ka da zanen matarka da a gan ka kana tuƙa shi. Ni ko kallonsu ba na yi in na wuce.

Hoyt ya lashe yatsa ya ce, "Mijin Yaya, kar ka damu, rumfar za ta dace da fatarka."

Na miƙe tsaye na ce, "Kifi ɗaya? Biyar zan kawo, kowanne sai an riƙe shi da hannu biyu. Jama'a ku shaida."

Suka shaida. Ban taɓa ganin mutane sun shaida abu da sauri haka ba.

Kowa ya san dabarar bishiyar Kirsimeti. In biki ya wuce, sai ka ɗaura wa bishiyarka bulo, ka kai ta wani wuri a tafki ka nutsar, ba tare da kowa ya gani ba. Ƙananan kifi su taru a rassan, manya su biyo su, kai kuma ka zo a bazara ka kwashe. Mutane kan nutsar da biyu ko uku. Wannan tunanin talaka ne. Ni na ce arba'in. Unguwa guda zan gina wa kifi a ƙarƙashin ruwa.

Sati biyu na watan Janairu ina yawo da a-kori-kura gida gida, ina cewa sabuwar shekara ce na ɗauki alwashin taimakon jama'a, kowa ya kawo bishiyarsa in zubar masa kyauta. Wata tsohuwa har ta yi mini addu'a ta ba ni kek. Na karɓa, tunda ai taimakon na yi.

Sannan na fito da abin da har yau nake ganin ya cancanci a rubuta shi a littafi. Na san Hoyt yana sa mini ido. Don haka na zaɓi bishiyoyi biyar mafiya muni, tsiraru, marasa ganye, na fita da su ranar Asabar da rana tsaka, daidai lokacin da yake shan shayi mai ƙanƙara a shagon bakin ruwa. Na rufe su da tamfol yadda rassan za su leƙo. Na riƙa waige-waige kamar ɓarawon kaza. Na je ƙarƙashin gada, inda ko kwaɗo ba ya zama, na jefa su nan ɗaya can ɗaya, ko auna wurin ban yi ba. Da na dawo na gan shi a taga yana murmushi. Na ce a raina, yi murmushinka, ɗan nema, ka haɗiyi ƙugiya har ciki.

Sauran talatin da biyar kuwa na kai su Lungun Mujiya, ranar Lahadi ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da duk mai gulma a garinmu yana coci. Na ce wa Verlene ciwon baya ya tashi. Lungun Mujiya wuri ne shiru, zagaye da itatuwa, ko tsuntsu babu a Janairun nan. Na ce Allah ya ajiye mini shi.

Matsala ɗaya aka samu. Bulo goma sha biyu gare ni, bishiya talatin da biyar. Sai na tsire su duka a igiya guda doguwa, na ƙara da duk wani abu mai nauyi da ke garejina: tsohon jak na ɗaga mota, da ƙarafunan motsa jiki da na saya shekara tara ban ɗaga ba, da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da na gani a kan kanta.

Ni ban san tukunyar kakar Verlene ce ba. To, na sani. Amma ban san za ta neme ta ba. Tukunya ce da aka yi shekara tamanin ana dafa wake a ciki, sabulu bai taɓa taɓa ta ba, mai kawai ake shafa mata kamar jaririya. Bayan kwana huɗu Verlene ta birkice gidan.

Na ce, "Ba ita kika kai walimar coci ba? Kamar na ga Oleta ta fita da wata irinta."

Kamar na gani, na ce. Ban rantse ba. Oleta aminiyarta ce tun suna 'yan mata. Daga ranar suka daina gaisawa, suka raba benci a coci. Abin ya dame ni ƙwarai, har na yi kwana biyu ina tunaninsa.

Ranar gasa ta zo. Dokar ƙungiya ita ce mutum biyu a jirgi, ƙuri'a ke haɗa su, don kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa. Ni aka haɗa ni da Baba Clovis Rudd, ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ke jin abin da ya ga dama kawai. Ya shigo da ledar burodi da matashin zama.

Ya ce, "Ɗana, ina za mu yi asarar ranar yau?"

Na ce, "Baba, riƙe hularka."

Ƙarfe shida aka busa usur, jirage ashirin da biyu suka watse. Na ga Hoyt ya nufi gada, na yi dariya har ruwa ya shiga bakina. Da muka isa Lungun Mujiya na kunna na'urar leƙen ƙasan ruwa, sai ga unguwata, ga kifi jingim a kanta kamar ranar kasuwa. Na nuna wa Baba.

Ya sa tabarau ya duba ya ce, "Wa ya zubar da daji a nan?"

"Ikon Allah ne, Baba."

"Ikon Allah da igiyar shanya?"

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don nan ne masu ba da labarin ke zaluntata. Duk mai fatsa na gaske ya san kifin jifan farko masifa ne. In ka kama kifi a jifanka na farko, ranarka ta mutu. Shi ya sa muke zubar da jifan farko da gangan. Haka na yi. Na juya wa bishiyoyina baya, na wurga tanar roba can tsakiyar fili inda babu komai, ina ma kallon sama.

Sandar ta lanƙwashe.

Na ce, "A'a. A'a, don Allah, saki."

Bai saki ba. Na sassauta zare, na girgiza sanda, na yi masa duk abin da ake yi don kifi ya kuɓuce, abin da na ƙware a kai shekara huɗu. Ya ƙi. Sai da ya shigo jirgi. Ɗan siriri ne, da tsaga a wutsiya kamar an ɗan yanka da almakashi. Baba ya ɗora shi a allon awo.

"Inci sha biyar. Ya cika har da ƙari. Jefa shi a akwatin ruwa, jirginka ya tsira ke nan."

Na ce, "Baba, na jifan farko ne."

"Na ji. Sa shi a akwati."

"In na ajiye shi ya zauna mana a jirgi da masifarsa. Kuma ni Orval in hau dandamali da wannan abin kamar cokali? Bayan na ce biyar? Ga iyayensa nan a ƙasa suna jirana."

Baba ya ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Na ce wannan karin maganar masu jirgin falo ce. Na ɗaga kifin, na ce masa ya je ya turo babansa, na mayar da shi ruwa. Baba ya buɗe ledar burodinsa, ƙarfe shida da rabi na safe.

Gaskiya kifi sun ci. Kar wani ya ce muku ba su ci ba. Sau tara manya suka kama mini, kowanne da ya ji ƙugiya sai ya nutsa cikin rassan, ya naɗe zaren sau uku, ya tsinke. Bishiya talatin da biyar a igiya guda, ashe ba unguwa na gina ba, kurkukun ƙugiya na gina. Tanar roba ta tafi. Kifin roba mai ƙararrawa ya tafi. Kwaɗon roban da nake ji da shi ya tafi. Baba yana ƙirgawa da baki cike.

"Tara. Ka yi wa bishiyoyin ado fiye da na Kirsimeti."

Wajen ƙarfe tara na ji kiɗa.

Jirgin falo ne ya shigo lungun, da mutum goma da kare. Bayansa wani. Bayansa uku a jere, da baburan ruwa suna zagaye su kamar ƙudan zuma. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya na ƙirga ashirin da shida. Suka jefa anka don kafe jiragen, suka ɗaure juna, suka hura wutar gashi, wani ƙato ya kwanta a kan agwagwar roba da gwangwani a kan tumbinsa.

Na ce, "Baba, me ya kawo waɗannan?"

"Ai nan suke taruwa duk Asabar daga Mayu zuwa Satumba. Shekara ashirin ke nan. Ba ka sani ba?"

"Ina zan sani? Ni ba na kallon jirgin falo."

"To yau ka kalla."

Igiyar ruwan babura ta fara tura Walƙiya daga kan wurina, su kuma suna matsowa. Na ɗauko anka. Baba ya ce, "A kan dajin?" Na yi kamar ni ne kurman, na jefa.

Sai na tuna dabara ba ta ƙare wa mai ita. Na haɗa hannu a baki na yi ihu, "Jama'a, ku yi hankali! Kada! Yanzu na ga kada a nan, ya fi jirgin nan tsawo!"

Sannan wata mata ta yi kururuwa, "Kada! Ku zo ku ga kada!" Duk suka sassauto igiya suka matso kusa da ni, kowa da waya a sama. Aka riƙa kiran 'yan'uwa. Cikin rabin awa jirage goma suka ƙaru. Ƙaton kan agwagwa ya turo kansa har gefen jirgina ya ce, "Maigida, ta wane ɓangare ya nutsa? Matata na son hoto."

Ina cikin wannan baƙin ciki na hango rumfa ruwan ɗorawa mai geza. Jirgin falon Hoyt ne, Verlene ke tuƙi, da tabaraun rana da hula mai faɗi. Ta jefa anka ɗan nesa da ni kaɗan.

Ta ce, "Sannu da aiki, Orval. Na ce bari in fara sabawa da sitiyarin. Nawa ka kama?"

"Muna tacewa ne, uwargida. Manya muke so."

Baba ya ce, "Sifili."

A ɗaya gefen kuma, kamar an shirya, jirgin su Oleta ne. Matan biyu suka kalli juna, kowacce ta juya kujerarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, 'yan falon nan suka fara kama kifi. Ba da sanda mai tsada ba, ba da ilimi ba. Su sako ƙugiya tsaye a gefen jirgi da fatar soyayyar kaza, kifi ya fito daga bishiyata, bishiyar da na ɗauko da bayana, ya kama. Oleta ta fito da wani mai laba biyar, ta ce, "Wayyo, ƙazami," ta sa mijinta ya mayar. Ni kuwa ƙarfe biyu ta yi, akwatin ruwana ruwa ne zalla.

Biyu da kwata Verlene ta ce, "Kai, wani abu na ja." Ta ɗago shi da 'yar sandar jikanmu mai hoton zomo. Siriri. Da tsaga a wutsiya.

Baba ya ajiye burodi. "Ga abokinka ya dawo. Bai samu baban a gida ba."

Na auna tazarar da ke tsakanina da ita, na auna agogo, na auna Baba. Doka ta hana karɓar kifin wani. Amma in aka bi gaskiya, ai kifina ne, ni na fara kama shi, ajiya na ba tafki.

Baba ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya ce, "Ni kurma ne, yau kuma idon ma ya ƙi. Ka dai yi sauri. In Hoyt ya samu jirgin nan ba za mu sake shan iska a garin nan ba."

Na tausasa murya. "Verlene. Uwar 'ya'yana. Hasken gidana. Shekara ashirin da tara."

"Talatin da ɗaya."

"Kin ji, ko ƙirga su ba na yi don daɗi. Miƙo mini ɗan kifin nan."

Ta sa shi a bokiti da ruwa, ta zauna ta harɗe ƙafa. Duk jiragen kusa suka rage kiɗa. Ta ce, "Ba ni da mugunta, Orval. Na ga ka wahala, wuyanka ya ƙone. Zan ba ka. Tambaya ɗaya kawai, ka amsa a gaban jama'a. Ka tabbata ka ga Oleta da tukunyar kakata?"

Oleta ta miƙe tsaye. "Au, kai ne? Kai ne ka ce?"

A nan, na yarda, akwai hanya biyu. Amma agogo na tafiya, kuma gaskiya doguwar magana ce. Na ɗora hannu a ƙirji, a kan tambarin shagona, na ce, "Da idona. Ba na ce sata ta yi ba. Mantuwa ce irin ta girma."

Oleta ta ce, "Girman uwaka!" Mijinta ya riƙe ta.

Verlene ta yi ajiyar zuciya. "To shi ke nan. Matso ka karɓa."

Na ja anka. Ta ƙi. Na sake ja har jijiyar wuyana ta fito. Ta kafe a cikin rassan. Biyu da minti ashirin da biyar. Baba ya ce, "Yanke igiyar." In yanke sabuwar igiya, ina da doki ɗari biyu a bayana? Na naɗe ta a ƙarfen gefe, na tada inji, na danna.

Walƙiya ta yi gurnani, hancinta ya ɗaga sama. Wani abu ya motsa a ƙasa. Na ƙara wuta.

Sai lungun ya tafasa. Bishiya ta farko ta ɓullo, baƙa ƙirin da laka, ta biyu ta biyo ta, ta uku, ta goma, duk a igiya guda kamar jerin raƙuma, kowacce da ƙugiyoyina suna lilo a jiki, wata ma da sauran tauraronta a ka. Ashe ankar jirage bakwai ta shiga cikinsu. Duka bakwai ɗin suka zabura suka biyo ni. Murhun gashi ya kife, kaji suka sha ruwa. Kare ya faɗa tafki. Ƙaton kan agwagwa ya tsinci kansa a kan reshe yana ihu, "Kadan ne! Ya kama ni!" Wata tsohuwa ta nuna da yatsa ta ce, "La! Ga bishiyata! Har kek na ba shi!"

Igiya ta naɗe farfela. Inji ya yi tari biyu ya mutu.

A cikin shirun nan ne ƙarshen igiyar ya taso a hankali, tsakanin jirgin Verlene da na Oleta, rataye a kan wani reshe. Jak ya fara fitowa. Sai ƙarafunan motsa jiki. Sai ita, da ƙafafunta uku a sama, ja wur da tsatsa, ruwa na tsiyaya daga bakinta.

Ko karen ya daina haushi.

Na ce, "Ikon Allah. Oleta, ashe nan kika jefa ta?"

Ban san Oleta ta iya jifa ba. Cinyar kaza ce, ta same ni a nan, ƙasan ido.

Verlene ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi tsorata ni. Ta sa ƙugiyar jirgi ta jawo tukunyar, ta ɗora ta a kujera, ta lulluɓe ta da tawul. Ta ce, "Oleta, ki yafe mini, na biye wa maƙaryaci." Sannan ta ɗauko kifin daga bokiti, ta ɗaga shi yadda zan gan shi da kyau, da tsagar wutsiyarsa da komai. Ta sumbace shi a ka. Ta sake shi. Ya yi wutsiya sau ɗaya ya shige cikin bishiyoyina.

Baba ya mayar da tabaraunsa. "Sau biyu a rana ɗaya. Ko a tarihin ƙungiya babu."

Na ce, "To ai yanzu ko ina da kifi ba zan isa a kan lokaci ba. Inji ya mutu. Ke nan yarjejeniya ta tashi, tunda ba a auna ba."

Verlene ta wurgo mini igiya. "Ɗaura. Ba za ka ce makara ta hana ka ba."

Oleta ta tsallako jirgin Verlene, aka yanke ni daga dajin, aka ja ni. Jirgin falo mai geza a gaba, mata biyu suna shan shayi suna dariya kamar ba su taɓa faɗa ba, Walƙiya a baya da reshe a farfela, sauran jiragen talatin da wani abu suka rako mu suna busa ƙaho. Uku saura minti uku muka isa. Ban taɓa sanin jirgin falo na da sauri haka ba.

Al'adarmu, kowa sai ya hau dandamali da jakarsa, ko da me a ciki. Shugaban ƙungiya Purvis na riƙe da lasifika. Na miƙa jaka, ya leƙa, ya girgiza ta, ya ɗora a sikeli don mugunta.

"Orval Tidmore. Ruwan tafki, laba uku. A mayar da shi da rai."

Hoyt ya hau da kifi biyar, laba ashirin da ɗaya. Purvis ya tambaye shi sirrin. Ya karɓi lasifika ya ce, "Godiya ta tabbata ga Mijin Yaya. Na san bishiyoyin gada yaudara ce, ai ko makaho ya ga yadda yake waige-waige. Na tsaya ne kawai in yi jifa ɗaya in yi dariya. Ashe 'yan tsirarun bishiyoyi, nan ɗaya can ɗaya, haka ake so. Shekara goma ina nema ban iya jera su haka ba. Mutumin nan gwani ne, in dai ba da niyya ya yi ba."

Kun ji da bakinsa. Gwani. Wannan ne kaɗai mai aski ba ya faɗa.

A nan gaban sikeli na ciro makullin Walƙiya. Sai da Hoyt ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu duk Asabar ni ke tuƙa su zuwa Lungun Mujiya, Verlene da Oleta da jikoki. Hukumar tafki ta sa na kwashe bishiyoyin, na bar biyar, nan ɗaya can ɗaya. Su kama kifi da fatar kaza, ni ina ƙarƙashin geza ina goge tsatsar tukunya, wadda Verlene ta ce sai na mayar mata da shekara tamanin ɗin da na wanke. Wajen ƙarfe goma Hoyt kan wuce a guje cikin koriyar nan mai ƙyalli, ya busa ƙaho sau biyu.

Amma ku masu hankali ku yi mini alƙalanci. Mutane na cewa wauta ce na mayar da kifin nan. Ni kuwa cewa nake, minti ɗaya kacal ya yi a cikin jirgina, ku dubi abin da ya jawo. Da na ajiye shi wuni guda fa?